Ƙofar ƙaramin jirgi ta buɗe a sama: me matuƙi zai yi?

Da gaske ƙofar jirgi tana iya buɗewa yana sama?

A manyan jiragen fasinja abin yana da wuya ƙwarai, saboda iskar da aka matse a ciki tana danne ƙofar. Ƙananan jirage irin su Cessna 172, Piper Cherokee da Beechcraft Bonanza kuwa ba a matse iskar cikinsu, sakata ce kawai ke riƙe da ƙofa. Idan sakatar ba ta kama sosai ba, ƙofar takan ɓalle, galibi yayin da jirgin ke gudu a kan titin tashi ko kuwa da ɗagawarsa. Cherokee ma sakata biyu gare shi, ta ƙasa da ta sama, kuma ta saman ce ake yawan mantawa.

Iska ba za ta zuƙe mutum waje ba?

A'a. Ƙarfin iskar ciki da na waje kusan ɗaya ne. Ƙofar da maƙalarta ke gaba ba ta wangalewa, iskar da ke bin jikin jirgin takan riƙe ta a buɗe da 'yan inci kaɗan. Abin da za a ji shi ne ƙara mai razanarwa da hucin iska, takardu su tarwatse, magana ta gagara jiyuwa. Jirgin dai yana nan yana tashi.

To ina haɗarin yake?

A wurin matuƙin yake. Littafin koyar da tuƙi na hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ya faɗa a fili cewa da wuya buɗaɗɗiyar ƙofa ta kayar da jirgi, rarrabuwar hankalin matuƙi ce ke kayar da shi. Ga yadda abin yakan faru: jirgi bai yi nisa da ƙasa ba, gudunsa bai kankama ba, sai ƙarar ta zo. Matuƙi ya miƙa hannu zai jawo ƙofa, ɗaya hannun kuma ya ja sitiyari bai sani ba. Hancin jirgi ya ɗaga, gudu ya ragu, fukafukai su daina ɗaukar nauyi. A wannan tsayin babu sararin gyara. Wani kuma tsoro ke sa shi yanko kwana mai tsanani don ya koma titi da gaggawa, ya manta bai sauke tayoyi ba idan jirgin mai naɗe tayoyi ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin jirgin lafiyarsa ƙalau, garin gyaran gira ne ake rasa ido.

Me ya kamata ya yi a daƙiƙun farko?

Ya tuƙa jirginsa, ya ƙyale ƙofar. Idan har yanzu yana kan titi kuma da sauran wurin tsayawa, ya rage wuta ya taka birki. Idan ya riga ya ɗaga, ya ci gaba da hawa da gudun da ya saba har tsayin da jirage ke zagaya fili kafin sauka, wanda yawanci ƙafa 1,000 ne sama da ƙasa. Ya shaida wa hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage zai dawo, ya zagayo ba gaggawa, ya bi jerin abubuwan dubawa na sauka ɗaya bayan ɗaya. Kada ya kwance bel ɗinsa don ya kai ga ƙofa, kada kuma fasinja ya kwance nasa.

Ba za a iya rufe ta a sama ba?

Ya danganta da jirgin, littafinsa ne alƙali. Na Cessna 172 ya ce a daidaita jirgin a gudun not 75, kimanin kilomita 140 a awa, a ɗan tura ƙofar waje sannan a jawo ta da ƙarfi. Na Cherokee ya ce a rage gudu, a rufe kafofin iska, a buɗe 'yar tagar gefen matuƙi kafin a ja. Duk wannan sai an yi nisa da ƙasa. Ni dai shawarata, matuƙin da ke shi kaɗai, ƙofar kuma tana can gefen dama, ya sauka ya rufe ta a ƙasa.

Duk ƙofofi haka suke da sauƙi?

Ba duka ba. Murfin gilashi da ke ɗagawa sama a madadin ƙofa a wasu jirage yana iya dagula iskar da ke isa wutsiya, jirgin ya riƙa dungure. Ƙofar kaya ta hancin jirgi ma abin tsoro ce, kaya na iya faɗowa su bugi farfela. A Janairun 2008 a Kodiyak ta jihar Alaska a Amurka, irin wannan ƙofa ta buɗe wa wani Piper Navajo jim kaɗan da tashi, jirgin ya faɗa ruwa yana ƙoƙarin dawowa, mutum 6 suka rasu.

Yaya ake kauce wa abin tun a ƙasa?

Matuƙi ya rufe ƙofa da hannunsa ko ya duba bayan fasinja ya rufe, ya tura ta da kafaɗa ya ji ta kama. Ya tabbata jelar bel ba ta maƙale a waje ba, don bugunta a jikin jirgi kan sa a zaci inji ne ya samu matsala. Ya kulle ƙofar kaya. Kafin a tayar da inji kuma ya gaya wa fasinja: idan ƙofa ta buɗe za ka ji ƙara, ka zauna a yadda kake, kada ka taɓa komai sai na ce.