Waiwaye: Hutun Ebola na 2014 da Tambayar da Ba a Yi Ba

Duk lokacin da aka ji sanƙarau ko mashaƙo ya ɓulla a wata makarantar kwana, musu iri ɗaya ne ke tashi a gidajen rediyo da Facebook. Wasu iyaye su ce a rufe a ba su 'ya'yansu, rai ya fi boko. Wasu su ce ai an rufe lokacin korona, me aka tsinta ban da yaran da suka koma aji sun manta baƙi? Sai kuma masu cewa zamani ya zo, a mayar da darasi ta waya a huta. Kusan kowa daga 2020 yake fara lissafi, alhali maganar ta girmi korona nesa ba kusa ba.

Annoba dai ba baƙuwa ba ce a Arewa. Sanƙarau na 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, yawancinsu a jihohinmu. Karatu daga nesa ma mun san shi. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta koyar da dubban malamai suna zaune a garuruwansu. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ta bi Fulani har ruga da shirin "Don Makiyaya a Ruga" a Rediyon Kaduna. A 2006 kuma aka fitar da manufar ƙasa kan lafiyar makarantu, mai maganar ruwan sha, makewayi, duba lafiyar ɗalibai da akwatin taimakon gaggawa. Kayan aikin duk suna nan, amma kowanne a zaurensa. Damar haɗa su ta zo a 2014, amma ba a yi ba.

Ranar 20 ga Yulin 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka a Legas ɗauke da Ebola. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ita ma ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Wannan ɓangaren kowa ya san shi. Wanda aka manta shi ne abin da ya faru da makarantu.

Cutar ta zo ne yara na tsakiyar dogon hutu. A ƙarshen Agusta aka sanar cewa babu makarantar firamare ko sakandare, ta gwamnati ko mai zaman kanta, da za ta buɗe sai 13 ga Oktoba, aka kuma dakatar da lesin ɗin hutu. Ba a jima ba, da aka ga cutar ta fara lafawa, aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba. Nan gardama ta kaure. Ƙungiyar malamai ta ce 'ya'yanta ba za su shiga aji ba sai an kawo kayan kariya, masu makarantun kuɗi na ƙorafin zangon karatu na tafiya, iyaye sun rabu biyu. Jihohi da dama suka ƙi bin waccan rana, suka jira sai bayan Babbar Sallah a farkon Oktoba.

Duba abin da aka yi ta ja-in-ja a kai a waɗannan makonni: ranar komawa, na'urar auna zafin jiki, safar hannu, sabulu, da horar da malamai biyu a kowace makaranta kan gane alamomin cutar. A kan ƙofar makaranta duk maganar ta tsaya. Ba a tada zancen abin da yaro zai koya idan zaman gidan ya kai wata shida ba, domin a idon kowa hutu ne aka ɗan ƙara wa tsawo. Yara ma murna suka yi.

Wanda ya kai yaro makaranta a Oktoban shekarar zai tuna yadda ƙofa ta koma. Ga bokiti mai famfo a kan benci, ga roba a ƙasa tana tare ruwan, ga sabulu an yanka shi biyu. Malami ko maigadi na tsaye da farar na'ura yana saita ta a goshin kowane yaro, ƙananan na runtse ido. A makarantar da babu rijiya, yaran ne ke ɗebo ruwan da za a zuba a bokitin daga maƙwabta. Kafin zangon ya ƙare batirin na'urar ya mutu, famfon ya karye, bokitin ya koma na shara ko ya shige ofishin hedimasta.

Ba wai tsarin shirme ba ne. Mai Ebola ba ya yaɗa ta sai alamomi sun bayyana, zazzaɓi kuma na cikin na farko, sannan ta hanyar taɓa jini ko ruwan jiki take kama mutum. Don haka auna zafi da wanke hannu sun dace da ita. Matsalar ita ce mun ɗauki maganin cuta guda muka mai da shi ma'anar lafiyar makaranta gaba ɗaya.

Sai kuma nasara ta rufe sauran. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, duk a Legas da Fatakwal. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola, duniya ta yi ta yabo, kuma yabon ya cancanta: ma'aikatan da suka ƙware a yaƙi da shan inna ne suka taimaka wajen bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da mai cutar. Amma a asibiti da kan titi aka ci wannan yaƙi, cutar ba ta taɓa gwada makarantunmu ba. A Arewa ma ko ƙeyarta ba a gani ba. Abin da ya iso mana shi ne tsoro, da saƙon nan na wanka da ruwan gishiri da ya karaɗe ƙasa cikin dare ɗaya a watan Agusta, har aka tashi mutane kafin asuba, wasu suka sha suka kwanta asibiti. Ashe tun lokacin waya na iya shiga kowane gida kafin gari ya waye; jita-jita ce kawai ta riga malami gane haka.

A Saliyo ba su samu wannan sauƙin ba. Makarantunsu sun kasance a kulle har Afrilun 2015, Gini ta buɗe a Janairu, Laberiya a Fabrairu, yara wajen miliyan 5 a ƙasashen uku suna gida. Dole ta sa tun Oktoban 2014 Saliyo ta fara watsa darussa a gomman gidajen rediyo. Shirin bai kai ga kowa ba, don gidaje da yawa ba rediyo, wasu ba kuɗin batir, kuma da aka buɗe an tarar 'yan mata da dama sun yi ciki, wasu ba su sake komawa aji ba. Sai dai sun fito da malaman da suka iya koyarwa a gaban makirfo da darussan da aka riga aka naɗa, shi ya sa da korona ta zo ba su ɓata lokaci ba wajen komawa rediyo. Mu bokiti muka fito da shi.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da korona a Legas, kafin ƙarshen Maris an kulle makarantu a ko'ina. Wannan karon tsakiyar zango ne, jarabawa na gaba. Aka shiga fafe gora ranar tafiya. Jihohi irin su Kano, Kaduna, Legas da Ogun sun saka darussa a rediyo da talabijin, malamai sun yi iya yinsu. Amma a gidan da rediyo ɗaya ne, na maigida ne, da shi yake fita. Talabijin sai da wuta. Makarantun kuɗi sun koma WhatsApp da Zoom, uwa mai 'ya'ya huɗu da waya guda tana rabon data kamar rabon naman miya. Yarinyar da aka ɗora wa talla kuwa, ba ta ma san ƙarfe nawa ake darasin ba. Makarantun allo ba su shiga lissafin karatu daga nesa ba. Abin da ya same su shi ne kwasar almajirai a motoci zuwa jihohinsu a Afrilu da Mayu, inda gwaji ya nuna wasunsu na ɗauke da cutar.

'Yan ajin ƙarshe sun koma ranar 4 ga Agusta, aka fara WAEC ranar 17, saura kuma sai wajen Oktoba. Da aka buɗe, tsohon tsari aka kakkaɓo: bokiti, na'urar goshi, aka ƙara takunkumi. Alhali korona ta numfashi take bi, kuma wanda ba ya zazzaɓi ko kaɗan na iya yaɗa ta. Ƙa'idar ba da tazara tana rubuce, amma ajin da yara ke zaune gwiwa da gwiwa a ƙasa, taga ɗaya an toshe ta da kwano, ina za a samo tazarar?

An ɗan motsa bayan haka. A 2022 aka ƙaddamar da dandalin Nigeria Learning Passport tare da UNICEF, mai ɗauke da darussa har da na Hausa, ko da yake shi ma yana son babbar waya da caji. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na sanƙarau. Mashaƙon da ya tsananta daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowa jin jiki, ya fi kama yaran da ba a yi wa rigakafi ba ko ba a kammala musu ba, kuma allurarsa na cikin waɗanda ake yi wa jarirai kyauta a asibitin sha-ka-tafi.

Sanƙarau da mashaƙo cunkoso suke so: ɗakin kwanan da aka jera gadaje ba masaka tsinke, zafin bazara, ƙura, kofi ɗaya a bakin randa. Na'urar goshi ba ta gyara ko ɗaya daga ciki. Rufe makarantar ma ba ya gamawa da su, domin ɗalibin da ƙwayar cutar ke maƙogwaronsa ba tare da alama ba zai hau mota ya tafi da ita ƙauyensu, inda ƙannensa ke kwana ɗaki ɗaya da shi, asibiti kuma ya fi nisa.