Gano matsalar turbo a motar a-kori-kura mai amfani da gas

Turbo na'ura ce da ke danna ƙarin iska cikin injin mota domin ya ƙona mai sosai, ya ba da ƙarfin da ya wuce girmansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Siwizalan, Alfred Büchi, shi ne ya yi rajistar fasahar a 1905. A yau yawancin sababbin motocin a-kori-kura masu amfani da gas, wato dizal, da ita suke fitowa, ciki har da Toyota Hilux, Mitsubishi L200, Isuzu D-Max da Ford Ranger, waɗanda ake gani a hannun hukumomi da 'yan kwangila da manyan manoma a Katsina da Daura.

Yadda take aiki

Fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga filta ta tura ta ciki, kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura wa gawayi iska. Sandar kan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, kuma a kan ɗan siririn baƙin mai take yawo, ba ta goga ƙarfe. Iskar takan yi zafi idan aka matse ta, shi ya sa take bi ta wani ƙaramin lagireto, intakula, kafin ta shiga inji.

Ba kowace Hilux ke da turbo ba. Injin 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 suna da ita, haka ma 1GD da 2GD da suka fito daga 2015. Tsohon injin 5L ba shi da ita, haka nan mai fetur ɗin nan na lita 2.7 da ya cika Najeriya.

Alamomi

Abin da direba ke fara ji shi ne mota ta mutu a hannunsa: ya ɗauko buhunan gero daga kasuwar Mai'aduwa ko ta Mashi, ya taka totur har ƙasa, amma ta ƙi ja. Sai baƙin hayaƙi, wanda ke nuna gas ya fi iska yawa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Ɗan fito kaɗan idan aka taka totur ba laifi ba ne, haka turbo take. Wanda ake tsoro shi ne kuka irin na jiniya ko ƙarar gogar ƙarfe.

Sai dai babu ɗaya daga cikin alamomin nan da ke tabbatar da cewa turbo ce. A nan ne masu mota da dama ke asarar kuɗi, domin da zarar an ga hayaƙi sai a ce “turbo ta tafi”, a aika Kano a sayo wata.

Tsarin bincike

Ƙwararren bakanike daga mai arha yake farawa. Filtar iska ce ta farko. A lokacin hunturu, motar da ke bin hanyoyin ƙauyukan Jibiya ko Baure tana iya toshe filta tun lokacin sabis bai yi ba, kuma toshewarta kaɗai na kawo rashin ƙarfi da baƙin hayaƙi. Daga nan sai tiyoyin da ke tsakanin turbo da intakula da inji. Zafin bazara, da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da roba ta tsage. Tsagar ba ta cika nunawa a silo ba, sai an ɗora wa injin nauyi take buɗewa, a ji huci. Inda aka ga danshin mai ya kama ƙura a jikin tiyo, galibi nan ne. Filtar gas, nozul, bawul ɗin EGR (mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji) da ya cika da baƙin tokar hayaƙi, da salansa da ta toshe, duk suna kwaikwayon mutuwar turbo.

A motocin zamani ana jona kwamfuta. Lambar P0299 na nufin matsin iska ya gaza, P0234 kuma ya yi yawa. Lambar ba ta faɗin wanda ya yi laifi: tsagaggen tiyo ko sensa da ta yi datti ma suna kawo P0299. Turbo irin ta 1KD tana da ƙananan fukafukai a ɓangaren hayaƙi da ke buɗewa suna rufewa. Idan toka ta riƙe su, ƙwaƙwalwar mota takan rage ƙarfin injin don kare shi, alhali wanki kawai ake buƙata.

Sai an wuce waɗannan ake taɓa turbo ɗin kanta. A kashe mota, a bar ta ta huce, a cire tiyon da ke shigar da iska, a duba fankar da tocila. Haƙoran da suka cinye ko suka lanƙwashe shaida ce cewa ƙura ko wani abu ya shige. Sannan a kama kan sandar da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne, tun da babu mai a ciki lokacin. Amma idan fankar na taɓa bangon gidanta, ko tana shiga tana fita a fili, ko ta ƙi juyawa sumul, turbo ta lalace. Ɗan laimar mai a cikin tiyo ba hujja ba ce, domin tururin baƙin mai da ke fitowa ta bututun numfashin inji ma na kawo shi. Mai da ya taru har yana zuba daga intakula shi ne abin dubawa. Ko shi ɗin ma, injin da ringinsa ya ci, ko bututun mayar da mai da ya toshe, na iya tilasta wa turbo mai lafiya ta yi yoyo.

Abin da ke kashe ta

Turbo ba ta cika mutuwa don kanta ba. Rashin baƙin mai, dattinsa da shigar ƙura su ne kan gaba. Jinkirin juye da gurɓataccen baƙin mai suna toshe siririn bututun da ke kai mata mai. Al'adar bubbuga filta a hure ta da iska mai ƙarfi a mayar takan huda takardar, ƙura ta riƙa cin fanka a hankali. Kashe mota nan take bayan doguwar tafiya, misali daga Funtuwa zuwa Katsina, yana barin mai ya ƙone a kan sanda mai zafi, shi ya sa ake son a bar ta a silo na minti ɗaya ko biyu.

Haɗari mafi girma shi ne turbo ta zubar da mai da yawa cikin inji, injin ya koma shan baƙin mansa, ya riƙa ruri da hayaƙi ko an zare makulli. Ana tsayar da shi ta hanyar toshe mashigar iska da faffaɗan katako, ba da hannu ba, ko a motar da ke da kuloci a sa babbar giya, a danne birki, a saki kulocin.

Idan canji ya zama dole, ko sabuwa aka saya ko 'yar Beljiyam, sai an yi juye, an canza filtoci, an wanke intakula da tiyoyi, an canza ko an tsaftace bututun mai, sannan a ɗura mata ɗan baƙin mai ta mashigarsa kafin a tayar da injin.