Tallafin Musayar Ɗalibai da Malaman Jami'a a Arewacin Kamaru da Chadi

Tallafin musaya kuɗi ne da wata gwamnati, ko ƙungiyar ƙasashe, ko jami'a ke ware wa ɗalibi, ko malami, ko ma'aikacin jami'a, domin ya je wata jami'a a ƙasar waje ya yi ɗan lokaci, sannan ya komo inda ya fito. Komowar nan ita ce ta raba shi da sauran guraben ƙaro ilimi. Wanda ya sami gurbin cikakken digiri yakan tattara nasa ya nasa ya tafi shekara biyu ko biyar, takardar shaidarsa ma ta can ce. Shi kuwa ɗan musaya sunansa yana nan a rajistar jami'arsa ta gida, ita za ta ba shi digiri, abin da ya karanto a waje sai a lissafa masa cikin sakamakonsa. A bakin ɗaliban Ngaundere da Marwa da Njamena duka biyun sunansu ɗaya, "burs", daga Faransanci, shi ya sa ake yawan rikita su.

Jami'o'in yankin

Tun da musaya tsakanin jami'a da jami'a ake ƙulla ta, sai an san jami'o'in tukuna. A Chadi, Jami'ar Njamena ce babba, an kafa ta a 1971. Akwai Jami'ar Sarki Faisal da ke koyarwa da Larabci a babban birnin, da Jami'ar Adam Barka a Abeshe, da wasu a kudancin ƙasar. A arewacin Kamaru, Ngaundere ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, harabarta tana Dang, wajen kilomita 15 daga cikin gari. Marwa ta biyo baya a 2008, ta fara da babbar makarantar horon malamai. Garwa ce auta, a 2022 aka kafa ta.

Gyaran fuskar da ya haifi Jami'ar Ngaundere a 1993 shi ne kuma ya soke alawus ɗin da gwamnatin Kamaru ke bai wa ɗaliban jami'a, ya kawo kuɗin rajista na sefa 50,000 a shekara. Chadi ma ta soke alawus ɗin ɗalibanta na cikin gida a 2016, lokacin matakan tsuke bakin aljihu bayan faɗuwar farashin man fetur. Tun daga nan idon ɗalibi mai ƙwazo, wanda gidansu ba su da ƙarfi, ya ƙara komawa kan tallafin waje.

Yadda musayar ke tafiya

Shirin da ya fi fito da siffar musaya sarai shi ne Erasmus na Tarayyar Turai. An fara shi a 1987 don ɗaliban Turai su kaɗai. A 2014 aka haɗe shi da wasu shirye-shirye aka sa masa suna Erasmus+, daga 2015 kuma aka buɗe ƙofar gajeriyar musaya da jami'o'in da ke wajen Turai, har da na Afirka.

Ɗalibi ba ya rubuta wa Tarayyar Turai takardar nema da kansa. Jami'ar Turai ce ke neman kuɗin daga hukumar ƙasarta, bayan ta sa hannu kan yarjejeniya da takwararta ta Afirka, wadda ta fayyace fanni, da yawan mutane, da tsawon zama. Sai jami'ar gida ta yi sanarwa, ta tace masu nema, ta aika sunaye. Ke nan in sashen da ɗalibi yake karatu ba shi da abokin hulɗa a waje, ƙoƙarinsa ba zai buɗe masa wannan ƙofa ba, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu.

Zaman ɗalibi yakan kama daga wata 2 zuwa wata 12. Ba ya biyan kuɗin karatu a jami'ar da ta karɓe shi, ana ba shi gudummawar kuɗin jirgi gwargwadon nisa, da kuɗin zama na yuro 800 zuwa 900 a wata bisa tsadar ƙasar. Da yake yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, kuɗin ya kama kimanin sefa 525,000 zuwa 590,000. A kunnen iyaye a Garwa wannan dukiya ce, har wasu kan fara lissafin abin da yaro zai riƙa turowa. Amma hayar ɗaki ɗaya a birnin Turai takan cinye kusan rabi, kafin a zo ga abinci da mota da rigar sanyi.

Takarda mafi muhimmanci a cikin tafiyar ita ce yarjejeniyar karatu, wadda ɗalibi da jami'o'in biyu ke sa wa hannu tun kafin ya tashi. A cikinta ake jera darussan da zai ɗauka a can, da waɗanda za su maye gurbinsu a gida. Abin da ya sauƙaƙa lissafin shi ne tsarin lisans (digirin farko) da masta da dokta, wanda ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi ke ciki, suka runguma a shekarun 2000: ana auna nauyin darussa da maki, zangon karatu ɗaya maki 30 ne, shekara 60, lisans 180, daidai da ma'aunin Turai. Ɗalibin da ya raina wannan takarda, ya tafi ba tare da shugaban sashensa ya duba ta layi-layi ba, yana iya dawowa ya tarar an ce ya maimaita zangon.

Malamai da ma'aikata

Musayar ma'aikata gajeriya ce, daga kwana 5 zuwa wata 2. Malamin da ya je koyarwa ana bukatar ya yi aƙalla awa 8 a mako a gaban ɗalibai. Akwai kuma tafiyar horo, wadda ta haɗa da ma'aikacin laburare, da mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, da na ofishin rajista. Ba a cika maganar wannan kashi ba, alhali amfaninsa ya fi daɗewa. Ɗalibi yakan gama ya wuce, amma ma'aikaciyar rajista da ta ga yadda ake fitar da takardar sakamako cikin kwana biyu za ta zauna a kujerarta shekara ashirin.

Ga matasan malamai masu rubuta kundin dokta akwai tsarin kulawar haɗin gwiwa, wanda ya yaɗu tsakanin Faransa da ƙasashe masu amfani da Faransanci: kundi ɗaya, malamai biyu masu dubawa, zama kashi-kashi a nan da can, kare kundi sau ɗaya. Hukumar musayar ilimi ta Jamus, DAAD, wadda aka kafa a 1925, tana da irinsa. Birtaniya ma tana ba 'yan ƙasashen Commonwealth zaman wata 12 a tsakiyar karatun dokta. Kamaru ta shiga wannan ƙungiya a 1995, Chadi kuwa ba ta ciki, don haka wannan ƙofa ta ɗan Kamaru ce kawai.

Ngaundere da Tromso

Misalin da ya fi shahara a arewacin Kamaru ya zo daga wuri mai nisa ƙwarai, garin Tromso da ke can ƙuryar arewacin Norwe, inda rana kan ɓace kusan wata biyu a lokacin hunturu. Alaƙar Norwe da Adamawar Kamaru tsohuwa ce, 'yan mishan ɗinsu suna Ngaundere tun shekarun 1920. A farkon shekarun 1990 aka kafa shirin Ngaoundéré-Anthropos tsakanin jami'o'in garuruwan biyu, da jagorancin masaniyar halayyar al'umma Lisbet Holtedahl, tare da masana na gida irin su Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen tattara tarihin lamidodin Fulani daga bakin dattawa.

Abin da ya ba shirin daraja shi ne bai ɗauke hankalin ɗalibai daga gida ba. Waɗanda suka je Tromso koyon bincike da kyamara sukan komo yankinsu su ɗauki hoton makiyaya, da 'yan kasuwa, da matan aure, da fadar lamido, sannan su rubuta kundi a kai. Da dama cikinsu sun zama malamai a Ngaundere da Marwa. Sai dai tun 2023 Norwe ta fara karɓar kuɗin karatu daga ɗaliban da suka fito daga wajen Turai, abin da ya ƙuntata hanyar ga wanda ba ya cikin wata yarjejeniya.

Sauran ƙofofi

Ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, AUF, wadda aka kafa a Montreal a 1961, tana da ofishin yanki a Yawunde, takan kuma tallafa wa tafiyar bincike. Amurka tana da tallafin Fulbright tun 1946, Birtaniya tana da tallafin Chevening tun 1983, na masta na shekara guda, da sharaɗin mutum ya koma ƙasarsa ya yi aƙalla shekara biyu. Shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai yana bayar da yuro 1,400 a wata ga mai masta da zai zagaya jami'o'i biyu ko fiye. Turkiyya, da Sin, da Maroko, da Aljeriya, da Rasha suna ba da gurabe, galibi na cikakken digiri, wasunsu da shekarar koyon harshe a farko.

A unguwannin Hausawa, tun kafin a ji sunan Erasmus an san tafiya neman ilimi gabas. Azhar ta Alƙahira, da Jami'ar Musulunci ta Madina, da Jami'ar Afirka ta Khartum sun daɗe suna karɓar 'ya'yan yankin, musamman na Chadi inda Larabci yake harshen hukuma tare da Faransanci. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya katse wa da yawa karatu a tsakiya, suka komo ba takarda a hannu.

Akwai kuma musaya tsakanin ƙasashen Afirka su da kansu. Tarayyar Turai tare da Tarayyar Afirka suna da shirin da ke biyan ɗalibi ko malami ya je wata jami'ar Afirka, Jami'ar Pan-Afirka kuma tana da cibiyoyi a Yawunde, da Ibadan, da Nairobi, da Tlemcen. Ɗalibai sukan yi wa irin waɗannan kallon na biyu, a ganinsu in ba a haye teku ba kamar ba a yi tafiya ba. Wannan kuskure ne. Mai nazarin noman dawa ko cutar dabbobi zai fi samun abin da ya shafi ƙasarsa a Dakar ko Wagadugu, kuma wahalar biza ba ta kai ta Turai ba.

Zirga-zirgar da ta fi kowace yawa ma babu mai biyan kuɗinta. Dubban 'yan Chadi ne ke karatu a Ngaundere da Marwa da kuɗin iyayensu. Sukan haye gadar Ngeli daga Njamena zuwa Kuseri, su bi mota ta Marwa da Garwa, da buhun gero da kuɓewa busasshiya a saman kaya. Duk wanda ya zaga ɗakunan haya na Dang da yamma zai ji Larabcin Chadi da yaren Ngambai suna cuɗanya da Fulatanci da Hausa da Faransanci a bakin mai shayi ɗaya.

Abin da ke tare hanya

Ba ƙarancin basira ke hana ɗan arewa cin moriyar waɗannan gurabe ba. Abu na farko labari ne. Sanarwa takan iso a makare, a manna ta a allon ofis saura kwana kaɗan a rufe, ko ta tsaya a wayoyin waɗanda ke kusa da ofishin hulɗa da waje. Daga nan ake samun ƙorafin cewa abin sai mai uwa a gindin murhu. Inda jami'a ke bayyana sharuɗɗan zaɓe da makin kowane mai nema a fili, wannan zargi yakan mutu da kansa.

Na biyu takardu. A yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru yara da yawa suna tasowa ba takardar haihuwa, sai an je kotu an yi ta daga baya, wani lokaci a sami saɓanin harafi tsakanin sunan da ke kanta da wanda ke kan shaidar bakaloriya, wato ta gama sakandare. Muhammadu a nan, Mamudu a can, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da biza. Fasfon Kamaru sefa 110,000 ne tun 2021, fiye da ninki biyu na kuɗin rajistar shekara. Ga kuɗin fassara takardu, ga jarrabawar harshe, ga inshora, kuma sau da yawa tallafin ba ya fara shigowa sai mutum ya sauka can. Akan sayar da sa, ko uwa ta kwashe adashinta, kafin yaro ya ga ƙofar jirgi.

Na uku nisa. Ofisoshin jakadanci suna Yawunde. Ɗan Marwa zai yini a mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa, ya nemi masauki wurin dangi a unguwar Birkitari, don ganawar da ba za ta wuce minti goma ba. Ɗan Kuseri yana hango fitilun Njamena a tsallaken kogi, amma tafiyarsa zuwa Yawunde ta fi kilomita 1,000. Siyasa ma takan shigo: a Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, Chadi ita ma ta dakatar da bai wa Amurkawa biza.

Ga 'ya mace akwai ƙarin tambayoyi daga gida: wa zai kula da ita, ina za ta sauka, yaushe za ta dawo. A nan gajeriyar musaya ta fi cikakken gurbi sauƙin karɓuwa, domin uban da ba zai yarda da shekara uku ba yana iya yarda da wata biyar, musamman in malamar sashen ta zo gida da kanta ta yi bayani.

Sannan musayar ta karkata gefe guda. Tun sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da gandun dajin Waza a Fabrairun 2013, da hare-haren Boko Haram da suka biyo baya, ƙasashen Turai da yawa suka gargaɗi mutanensu kan zuwa Arewa Mai Nisa da kewayen Tafkin Chadi. Jami'o'insu ba sa barin malami ya je inda inshora ba ta rufe shi ba. Sai ya zama na nan suna tafiya, na can ba sa zuwa, taron da ya kamata a yi a Marwa a mayar da shi Yawunde ko a yi ta intanet. Ɗalibai ɗari da za su amfana da baƙon malami ɗaya sun rasa, mutum biyu ko uku da suka sami tafiya su kaɗai suka gani da idonsu.

Bayan dawowa

Wanda ya yo cikakken digiri a waje sai ya kai takardarsa ma'aikatar ilimi mai zurfi a tantance matsayinta. Hukumar CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Wagadugu, wadda aka kafa a 1968, ita ma tana aikin daidaita shaidu tsakanin ƙasashe mambobinta. Ɗan musaya ya huta da wannan, tun da digirinsa na gida ne. Tasa matsalar kalanda ce. Zangon Turai yakan fara a Satumba ko Oktoba ya ƙare a Janairu ko Fabrairu, alhali a Chadi yajin aiki ya sha jan shekarar karatu har ta shiga cikin wata. Ɗalibi kan dawo da maki 30 a hannu ya tarar ajinsu bai gama zangon da ya bari ba, ko kuma sun yi jarrabawar na gaba yana can. A irin wannan hali kwamitin sashen ne ke zama ya duba takardar sakamakon da jami'ar waje ta aiko, ya gwada ta da yarjejeniyar karatun da aka sa wa hannu tun farko, sannan ya yanke ajin da ɗalibin zai shiga.