Salansa mai ƙara: ƙarfi take ƙara wa mota ko kunne kawai take cikawa?

Duk wanda gidansa ke bakin titin Zoo Road ko titin BUK a Kano ya san motocin nan da ke wucewa bayan sallar isha'i, a ji rugugi tun daga nesa, in motar ta iso sai a ga ashe Corolla ce. Matasa da dama suna son irin wannan murya, wasu kuma ƙarfin inji suke nema. Ga tambayoyin da ya kamata mai mota ya samu amsarsu kafin ya miƙa wa mai walda makulli.

Idan na sa salansa mai ƙara, motata za ta ƙara gudu?

In motarka irin waɗanda suka cika titunan Kano ce, Corolla ko Civic ko Golf mai silinda 4 wadda ba ta da turbo (na'urar da hayaƙi ke juyawa ta cusa wa inji ƙarin iska), abin da za ka samu kaɗan ne ƙwarai. Canja tukunyar baya ta salansa kaɗai ba ya ba da fiye da 'yan ƙarfin doki, su ma sai ka matse totur allurar juyin inji ta haura sama. A cunkoson Ƙofar Nassarawa ko Bata ba za ka taɓa jin su ba. Kunne ne ke yaudarar ƙafa: mota ta yi kuka, direba ya ɗauka gudu take yi. Mota mai turbo ita ce ke cin riba sosai in aka buɗe mata hanyar hayaƙi, domin turbo yana juyawa da sauri idan hayaƙin da ya wuce shi bai samu cikas ba.

To ai an ce inji yana son numfashi. Ba gara a sa masa ƙaton bututu ba?

Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Hayaƙi ba ya fita daga inji kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita, kowace silinda da nata lokacin. Duk bugun da ya fita da gudu yana barin ɗan gurbi a bayansa, wannan gurbin ne ke zuƙo ragowar hayaƙin silinda ta gaba, sabuwar iska da mai su samu wurin shiga. Idan bututu ya yi faɗi da yawa, hayaƙin sai ya baje, ya huce, ya rage gudu, zuƙon ya mutu. Sai ka ji mota ta yi nauyi wajen tashi daga danja, kana taka ta tana ihu ba ta tafiya.

Wasu makanikai za su ce maka inji yana buƙatar a ɗan toshe shi. Ba toshiya yake buƙata ba, gudun hayaƙi yake buƙata, kuma bututu daidai wa daida ne ke ba da shi. Injin lita 1.8 ko lita 2 wanda ba a taɓa cikinsa ba, bututu mai faɗin inci 2 zuwa inci 2 da kwata ya ishe shi. Inci 3 na manyan injuna ne da masu turbo. A kula da lanƙwasa kuma: bututun da aka lanƙwasa ya lotsa a kwana ya zama siriri a wurin, ko da sauran jikinsa mai faɗi ne.

Wane ɓangare ne yake kashe ƙara?

Tukunyar baya ita ce babba. Iri biyu aka fi samu. Akwai mai ɗakuna a ciki, hayaƙi ya yi ta kewaye kafin ya fita, irin wadda yawancin motoci ke zuwa da ita daga kamfani. Shiru gare ta amma tana ɗan riƙe hayaƙi. Akwai kuma miƙaƙƙiya, bututu mai huji-huji da aka naɗe da audugar gilashi ko zaren ƙarfe. Hayaƙi na wucewa kai tsaye, audugar na shanye kaifin sautin. Wannan ita ce ke ba da murya mai kauri. Gwargwadon girman jikinta, gwargwadon shirunta, kuma idan audugar ta ƙone bayan an jima ƙarar za ta ƙaru.

Sai ƙaramar tukunyar tsakiya, wadda ake rainawa ana yankewa. Aikinta kashe wani amo na musamman, gunjin nan da ke cika cikin mota idan allura ta zauna tsakanin 2,000 da 3,000. Ranar farko ba za ka damu ba. Ka kama hanyar Zariya ko ta Wudil ka yi awa guda a cikinsa, ka sauka da ciwon kai, uwargida kuwa ta riga ta rantse ba za ta sake shiga ba. Ni a ganina ko me za a canja, a bar ta tsakiya a wurinta.

Makanike ya ce in cire indomi, wai mota za ta saki jiki. Gaskiya ne?

Indomi shi ne sunan da ake kiran katalis, abin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke kusa da inji. Yana mayar da guba irin su kabon monoksaid zuwa iskar da ba ta kai ta illa ba. Idan ya narke ko ya toshe, lallai mota za ta shaƙe, ta ƙi hawa gada, kuma maganinsa a sa wani. Amma lafiyayye ba ya cin wani ƙarfin a-zo-a-gani. Ka kuma tambayi kanka ina wanda aka cire yake zuwa: a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, shi ya sa yake da masu saye, shi ya sa wani lokacin shawarar cirewa ke fitowa da sauri haka.

In aka cire shi, sensar da ke bayansa, mai auna iskar da ke cikin hayaƙi, za ta gane, wutar gargaɗin inji ta kama ta ƙi mutuwa, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba. Ga warin hayaƙi, ga ƙara mai kama da ta gwangwani. Garin da hazo ke rufewa da hunturu ga hayaƙin adaidaita sahu, ba ya buƙatar ƙari.

Shan mai fa?

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa wannan yake tambaya. Tukunyar baya ba ta ƙara shan mai da kanta. Direban da ke matse totur don ya ji muryarta shi ke ƙarawa. Abin da ke shan mai da gaske shi ne walda mai yoyo kafin sensar da ke gaban katalis: iska ta shiga ta wurin, sensa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfutar mota ta ƙara zubawa. Yoyon ƙarƙashin mota yana da wani haɗarin da ya fi wannan, domin kabon monoksaid ba shi da wari, kuma mu a zafin Afrilu gilashi a rufe yake, esi na aiki.

Ƙara nawa ce ta wuce gona da iri?

Ana auna sauti da desibel. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙara biyu, kuma daɗewa cikin abin da ya haura 85 yana cin ji a hankali. Hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, kuma mota mai rugugi ita ce ta farko da ke jawo idon 'yan KAROTA da Road Safety da VIO. Amma ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne lungunku. Gidajen cikin birni a manne suke, katanga na mayar da amo. Idan tayar da motarka da asuba zai farkar da jaririn maƙwabta ko ya katse wa liman karatu, ta yi yawa.

In dai dole sai na canja, me zan yi?

Ka bar katalis da tukunyar tsakiya, ka canja ta baya da miƙaƙƙiya mai babban jiki, faɗin bututun ya tsaya kusa da na kamfani. In ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa neman ta hannu, ka girgiza ta. In ka ji wani abu na karkaɗawa a ciki, ajiye musu kayansu. Wadda ba ta tsatsa ta fi daɗewa, domin ko a busasshen gari irin namu ruwa yana taruwa a cikin salansar motar da ba ta doguwar tafiya, ya ci ta daga ciki. A rataye ta da roba, kada a like ta da jikin mota da walda, in ba haka ba girgiza za ta shigo har kujera. Kada kuma ta sauko ƙasa, don kada ta haɗu da tudun rage gudu ko ramin da ruwan damina ya ɓoye.

Tsohuwar tukunyar kuma ka sa ta a but ka kai gida. Mako biyu ya isa ka san ko za ka iya zama da sabuwar, kuma ranar da za ka sayar da motar, dillali zai fara rage kuɗi ne tun daga jin muryarta.