Ba kowane ciwon mara ne sanyi ba

Da mace ta ce mararta na ciwo sai ka ji an ce ai sanyi ne, a garzaya kemis a sayo antibayotik, wata ta kawo jiƙon sassaƙe, a yi wata shida ana abu ɗaya. Gaskiya sau da yawa infekshan ɗin ne ko fibroid, wato ƙarin mahaifa wanda ba daji ba, amma ba kullum ba.

Akwai wani nau'in ciwon daji da ake kira sakoma, yana fitowa a tsoka ko ƙashi, ba shi da yawa, kusan kashi 1 cikin 100 ne na dajin manya, shi ya sa ba a cika kawo shi a rai ba. Na tsokar mahaifa kuwa a sikanin kamar fibroid yake fitowa sak, sau da yawa sai bayan tiyata an duba naman a lab ake ganewa. Na ƙashin ƙugu har maza yana kamawa, ciwonsa ya fi tashi da dare.

Fibroid in al'ada ta ɗauke saboda shekaru motsewa yake yi. To in ƙari ya ci gaba da girma bayan haka ko jini ya dawo, a nemi likita ya duba da MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki.