Kundin haɗaka na kamfanin waƙa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk ranar da wani kamfanin gambarar zamani ya tattaro mawaƙansa ya saki albam guda da sunansa, sai saƙonni su yi mini ruwa, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Na haɗa su a nan. Wanda ya sake aiko mini da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi ya karanta da kansa.

Wai mene ne kundin haɗaka?

Albam ne da kamfani ke fitarwa, mawaƙan da ya ɗauka su cika shi da waƙoƙi, wani shi kaɗai, wasu su uku ko huɗu a kan kiɗa ɗaya. Baje koli ne na kamfani. Shi ke nan.

Ba daidai yake da albam ɗin ƙungiya ba?

A'a. Wu-Tang Clan ƙungiya ce, kamfanin Loud ne ya fitar da albam ɗinta na farko a 1993, amma 'yan cikinta kowa ya nemi nasa kamfanin: Method Man ya tafi Def Jam, GZA ya tafi Geffen, Ol' Dirty Bastard ya tafi Elektra. Su zumunci da suna ɗaya ne suka haɗa su. Mawaƙan kundin haɗaka kuwa takarda ce ta haɗa su, wasunsu ma sai a situdiyo suka fara gaisawa.

Me ya sa gwanina baiti ɗaya kawai aka ba shi, mai kamfani kuma yana cikin rabin waƙoƙin?

Saboda da sunan mai kamfani ake sayar da kayan. Wannan tambaya ita ce ta fi ba ni haushi, domin masu yin ta suna magana kamar an raba gado ne an danne wa marayansu kaso. Babu wanda ya yi alkawarin raba daidai. A watan Disamban 2009 da kamfanin Young Money ya fitar da We Are Young Money, mai kamfanin, Lil Wayne, mutane suka zo ji. Drake da Nicki Minaj ba wanda ya fitar da cikakken albam a cikinsu tukuna. Kafin 2010 ta ƙare kowannensu ya fitar da nasa, ya kuma wuce inda ake zato. A kundin nan dai akwai Gudda Gudda da Jae Millz da Lil Chuckee, sun hau kiɗa iri ɗaya, an ba su fili iri ɗaya, ba su kai can ba. Haka abin yake tafiya: babba ya jawo jama'a, ƙanana su nuna abin da suka iya a gabansu. In gwaninka ya iya, baiti ɗaya ya ishe shi. Eve ta fito a Ryde or Die Vol. 1 na Ruff Ryders a Afrilun 1999, a inuwar DMX, kundin ya hau saman Billboard 200, jadawalin albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka. Watan Satumba na wannan shekarar nata albam ɗin ya hau wurin.

Na ga mawaƙin da ba ɗan kamfanin ba ne a ciki. Ba ha'inci ba ne?

Ba ha'inci ba ne, baƙo ne. Jay-Z da Ghostface Killah da Raekwon duk suna cikin Cruel Summer na GOOD Music a 2012, ba kuwa mai kamfanin, Kanye West, ne ya ɗauke su aiki ba.

Kamfaninmu zai fitar da kundin haɗaka, an ce in ba da waƙa. In yarda?

To, ƙanena, a nan zan ja magana, kuma tun yanzu ka sani ni ba lauya ba ne, ban kuma ga takardar da ka sa wa hannu ba. Amsar ta dogara ne da abin da ke cikinta. Dokokin da zan ambata na Amurka ne, inda wannan tsari ya girma, wata ƙasa kuma tana da nata.

A mafi yawan lokaci zan ce ka yarda. Amma ka san abin da kake nema a ciki. Kunnuwan jama'a za ka samu, kuɗi kuwa kaɗan ne, wani lokaci babu.

Kowace waƙa dukiya biyu ce a haɗe, kuma nan ne yara ke faɗawa rami. Akwai sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda 'yan harkar ke kira masta. Wannan kusan kullum na kamfani ne, kai kaso ake ba ka. Sannan akwai rubutun waƙar da karin kiɗanta, wannan na waɗanda suka tsara ta ne. Bisa al'adar harkar rap, mai kiɗa yakan ɗauki rabin wannan ɓangare, masu baitoci su raba sauran rabin. Ɗauki misali, ku huɗu ne a waƙa ɗaya. Kasonka ya zama 12.5 cikin 100. A Amurka, kuɗin da doka ta yanka wa marubuta a kan kowace waƙa, a kowane faifai ko saukewa da aka saya, ya daɗe a santi 9.1 kafin a ɗaga shi zuwa santi 12 a farkon 2023. Yi lissafi da 12 ɗin: santi ɗaya da rabi ke nan naka. Idan kuma mai kiɗa ya gutsuro wata tsohuwar waƙa ya ɗora kiɗansa a kai, masu tsohuwar waƙar sai sun ci nasu tukuna, kuma suna iya neman kaso mai tsoka. Tun shari'ar da aka yi da Biz Markie a 1991 babu babban kamfanin da ke wasa da neman izinin nan. Wanda zai biya kuɗin izinin, wannan ka tambaya, domin sau da yawa a asusun mawaƙi ake rubuta shi.

Abin da nake so ka bincika kafin ka buɗe baki a gaban makirufo shi ne, waƙar da za ka bayar tana cikin adadin da kamfani ke binka, ko kuwa ƙari ce? Idan kwantiraginka ya ce albam uku za ka yi musu, yawanci kundin haɗaka ba ya rage ko ɗaya daga ciki. Ka ba da waƙa, bashin yana nan yadda yake. Wannan ba lallai ya zama zalunci ba, amma gara ka sani da ka wayi gari kana zaton ka rage nauyi.

Sai maganar kuɗin kafin alƙalami. Idan kamfani ya ba ka wani abu lokacin da ya ɗauke ka, bashi ne da za a cire daga kasonka kafin ka ga ko sisi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin dubawa shi ne ko an haɗa asusun kundin haɗaka da na albam ɗinka. In an haɗa, abin da waƙarka ta samo a nan zai tafi biyan wancan bashi, ko kuma a ɗora maka wani ɓangare na kuɗin situdiyo da bidiyon da ba kai ka nema ba. Wasu kamfanonin suna raba asusun, wasu ba sa rabawa, kuma sabon mawaƙi ba kasafai yake da ƙarfin tilasta musu ba. Ko da haka, tambaya ba ta taɓa korar mutum daga aiki ba.

Akwai wani lungu kuma da ba kowa ke leƙawa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta ba mai fasaha damar karɓar abin da ya miƙa wa kamfani bayan shekara 35, amma ban da aikin da aka yi a matsayin aikin haya. Dokar ta lissafa nau'o'i tara da za a iya kira haka, kuma gudummawar da mutum ya bayar a cikin aikin taron jama'a tana ciki. Lauyoyi sun daɗe suna jayayya a kan ko albam ɗin mutum ɗaya ya shiga wannan sahu. A kundin haɗaka kuwa, a fahimtata, hujjar kamfani ta fi ƙarfi. Kai da kake shekara 20 yanzu za ka ce ina ruwanka da shekara 35. Waɗanda suka faɗi haka a 1990 su ne yau suke zaryar ofishin lauya.

Shawarata dai, kada ka ba da waƙar da ka fi ji da ita, wadda ka ajiye don albam ɗinka, sai in an yi maka alkawari a rubuce cewa za ka iya sake sa ta a naka. Amma kuma kada ka ba da tarkace, domin wannan na iya zama karon farko da dubban mutane za su ji muryarka, kuma ba sa ba da dama ta biyu. Na san maganar nan biyu kamar suna karo da juna. Haka ne, kuma ba ni da hanyar sasanta maka su. Abin da zan iya cewa, rubuta sabon baiti da dukan ƙarfinka a kan kiɗan da suka kawo ya fi sauƙin rabuwa da shi fiye da miƙa waƙar da ka yi shekara kana reno.

Ranar da aka gama ɗauka, kafin kowa ya bar situdiyo, a rubuta takardar rabo: sunan kowa, kason kowa, sa hannun kowa. Na taɓa zama a wurin da abokai biyar suka ce ai su 'yan'uwa ne, ba sai an rubuta ba. Waƙar ta karɓu, yanzu uku daga cikinsu ba sa ga maciji da juna. Ka yi rajista da hukumar da ke karɓar wa marubuta kuɗi, irin ASCAP ko BMI. Ka kuma tabbata an rubuta sunanka a matsayin mai waƙa, ba ɗan amshi ba, domin SoundExchange, mai karɓar kuɗin rediyon intanet da na tauraron ɗan'adam, tana ba masu waƙa 45 cikin 100 kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun kamfani ba, mai masta ya ɗauki 50, 'yan amshi da makaɗa su raba 5. Wurin da aka rubuta sunanka shi ke nuna sahun da za ka shiga.

Kuma don Allah ka nemi lauyanka. Lauyan kamfani na kamfani ne, ko da kullum yana yi maka murmushi.

In na ƙi, za su ajiye ni a gefe?

Mai yiwuwa. Amma kwantar da hankalinka, shiga ma ba ta tabbatar wa kowa kujera. Pill yana cikin Self Made Vol. 1 na Maybach Music a 2011 tare da Rick Ross da Wale da Meek Mill. Da na biyu ya fito a 2012 ba ya nan.

Mikstef ne ko albam?

Yanzu bambancin ya kusa ɓacewa. Da can mikstef kyauta ake rabawa ko a sayar a gefen titi, ba a damu da neman izinin kiɗa ba. The Re-Up na Shady Records da niyyar mikstef aka fara shi, ya ƙare a matsayin albam a Disamban 2006. Idan ana sayarwa kuma an biya izini, kira shi abin da ka ga dama.

Me ya sa wasu suke da tsawo haka? Na gaji kafin in kai ƙarshe.

Lissafi ne. A ƙa'idar da Billboard ta kafa a 2018, sauraro 1,250 na masu biyan kuɗi, ko 3,750 na masu saurare da talla, shi aka riƙa ƙirgawa a matsayin albam ɗaya da aka sayar. Waƙa ta yi yawa, sauraro ya yi yawa. Ga kuma mawaƙa goma, kowa na jiran a sa shi. Tsallake wadda ba ta yi maka ba, ba wanda zai kama ka.

Akwai wanda bai karɓu ba?

Da yawa. Dr. Dre ya bar Death Row a 1996, ya kafa Aftermath, ya fitar da kundin haɗaka a Nuwamban shekarar. An saya, amma masu sharhi ba su yaba ba, kuma yawancin mawaƙan da ya nuna ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sai da ya ɗauki Eminem a 1998 kamfanin ya miƙe. Wani kuma tun yana kan hanya ake canza masa riga: The Dynasty na 2000 an fara shi ne don nuna Beanie Sigel da Memphis Bleek da Amil na Roc-A-Fella, ya fito da sunan Jay-Z. Abin dariya, waɗanda suka fi cin ribarsa masu kiɗa ne da ba a san su sosai ba a lokacin, Just Blaze da Kanye West. Akwai kuma wanda bai zo ba sam. Cruel Winter na GOOD Music, da aka yi ta yi wa mutane alkawari bayan Cruel Summer na 2012, a daina tambayata ranar fitarsa.

Dole ne kowane kamfani ya yi?

A'a. Kendrick Lamar da Jay Rock da ScHoolboy Q da Ab-Soul sun yi shekaru tare a kamfanin Top Dawg, magoya baya suka yi ta roƙon albam ɗin Black Hippy, wato ƙungiyarsu ta su huɗun, ba a yi ba. Kamfanin bai mutu ba.

Wanne zan fara ji?

In kalmomi kake so, Soundbombing II na Rawkus, 1999, akwai Mos Def da Talib Kweli da Pharoahe Monch. In kana so ka ji yadda gasa ke fito da mutum, Revenge of the Dreamers III na Dreamville. J. Cole ya tara mawaƙa da masu kiɗa a situdiyon Tree Sound da ke Atlanta na kwana 10 a Janairun 2019, aka ɗauki waƙa sama da 100, 18 suka shiga. Kasa kunne ga JID a ciki, ka ji mutumin da ya san cewa akwai wasu a bakin ƙofa suna jiran makirufon.

Za ka saurari waƙata ka haɗa ni da wani kamfani?

A'a. Ba ni da kamfani, ban kuma san mai ɗauka ba.