Ma'anar "fari" a bakin magoya bayan ƙungiyoyin besbol

Duk wanda ya fara bibiyar wasan besbol na Amurka, wato wasan nan da ɗan wasa ɗaya ke jefo ƙwallo wani kuma ya tare ta da kulki, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da wata kalma da magoya baya da masu sharhi suke yawan maimaitawa, musamman a watannin Satumba da Oktoba lokacin da kakar wasa ke zuwa ƙarshe. Kalmar a Ingilishi ita ce drought, kuma asalin ma'anarta fari, irin wanda manomi ya sani, inda damina za ta kama, a yi shuka, sannan ruwa ya ɗauke. A bakin masu bin besbol, fari yana nufin adadin shekarun da ƙungiya ta jera ba tare da ta kai ga matsayin da take nema ba, galibi lashe kofin World Series, wanda shi ne kambun babbar gasar besbol ta Amurka, wato Major League Baseball (MLB), mai ƙungiyoyi 30. Masu kawo labarin ƙwallon ƙafa da Hausa suna da makamancin wannan, domin sukan ce ƙungiya tana fama da ƙamfar kofi, kamar yadda ya faru da Liverpool tsakanin 1990 da 2020 a gasar Ingila. Sai dai farin besbol ya fi wannan daɗewa nesa ba kusa ba, har yakan wuce tsawon rayuwar wanda yake jiran ƙarshensa.

Ba kowane rashin nasara ake kira fari ba. A kakar wasa guda kowace ƙungiya tana buga wasa 162, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili, kuma ƙungiyar da ta ci wasa 100, wadda kowa zai yarda cewa gwana ce, ta sha kashi ke nan sau 62. Saboda haka mai goyon bayan ƙungiyar besbol ya saba da kwana cikin takaici sau biyu ko uku a mako, kuma idan ƙungiyarsa ta yi kwana goma ba ta taɓuka komai ba, abin da zai ce kawai shi ne 'yan wasan sun yi sanyi, za su farfaɗo. Fari kuwa da shekaru ake ƙirga shi, kuma duk kakar da ta ƙare hannu rabbana sai a ƙara ɗaya a kan lissafin.

Farin ma hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ne kasa shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale na bayan kaka, waɗanda tun daga 2022 ƙungiyoyi 12 ne suke samun gurbi a ciki. Na sama da shi shi ne kasa kaiwa World Series, inda ƙungiyoyi biyu suke karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Na ƙoli shi ne kasa ɗaukar kofin kansa. Ƙungiyar Mariners ta birnin Seattle ta ɗanɗani dukansu. A 2001 ta ci wasa 116 a kaka ɗaya, adadin da ba a taɓa wuce shi ba a tarihin gasar, amma aka fitar da ita kafin wasan ƙarshe, kuma daga nan ba ta sake shiga wasannin bayan kaka ba sai a 2022, lokacin da Cal Raleigh ya buga ƙwallon da ta tsallake katanga a daren 30 ga Satumba ya kawo ƙarshen jiran. Wannan fari ɗaya ke nan da ya yanke. Babban yana nan, domin tun da aka kafa ƙungiyar a 1977 ba ta taɓa buga World Series ba, kuma ita kaɗai ce a cikin ƙungiyoyi 30 na yanzu da ke da wannan tabo. A 2025 wasa ɗaya tal ya rage mata ta kai, sai Blue Jays ta Toronto ta tare hanya.

Akwai dalilan da suke sa fari ya yi tsawo a wannan wasa, kuma na farkonsu lissafi ne tsagwaronsa. Kofi ɗaya ne a shekara, masu nemansa 30, don haka ko da za a riƙa raba shi bi da bi cikin adalci, kowace ƙungiya sai ta jira shekara 30 kafin layi ya sake zagayowa kanta. To ba a raba shi da adalci: Yankees ta New York kaɗai ta ɗauka sau 27, kuma gasar ba ta da ƙayyadadden iyakar albashi, illa harajin da ake ɗora wa ƙungiyar da ta wuce wani adadi, wanda masu hannu da shuni suke biya ba tare da sun ji a jikinsu ba. Na biyu, babu faɗawa ƙaramin rukuni kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa na Turai. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe bana tana nan baɗi a gasa ɗaya da zakara, wanda hakan ya sa ba a daina ƙirga mata shekaru, kuma mai ƙungiyar ba ya jin tsoron da takwaransa na Ingila yake ji. Na uku, wasannin bayan kaka gajeru ne, kuma a wasan da gwani yakan faɗi sau huɗu cikin goma, ba abin mamaki ba ne ƙungiyar da ta fi kowa a wata shida ta watse a mako guda.

Fari mafi shahara shi ne na Cubs, ƙungiyar arewacin birnin Shikago, wadda ta ɗauki kofi a 1908 sannan ba ta sake ba sai bayan shekara 108. A farkon lamarin ba rashin ƙarfi ne ya dame ta ba, domin tsakanin 1910 da 1945 sau bakwai tana kaiwa World Series kuma sau bakwai ana doke ta, wato ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A karo na bakwai ɗin ne, a 1945, wani mai mashaya ɗan asalin Girka mai suna William Sianis ya zo filin Wrigley, gidan Cubs, kallon wasa na huɗu tare da bunsurunsa, wanda ya yankar wa tikiti kamar kowane ɗan kallo. Aka fitar da su, an ce saboda warin bunsurun ya dami jama'a, wanda duk wanda ya taɓa zama kusa da bunsuru ba zai ga laifinsu ba. Labari ya bazu cewa Sianis ya yi wa ƙungiyar baki a kan hanyarsa ta fita. Cubs ta sha kashi a hannun Tigers ta Detroit, kuma shekara 71 ba ta ƙara leƙa World Series ba.

A nan ne kalmar fari take haɗuwa da ƙawarta, wato la'ana, domin idan jira ya yi tsawo mutane sukan nemo masa labari. Red Sox ta Boston, wadda ta yi shekara 86 tsakanin 1918 da 2004, an jingina nata farin ga sayar da shahararren ɗan wasanta Babe Ruth ga Yankees a kan dala 100,000 a ƙarshen 1919, kuma abin da ya ƙara wa zancen armashi shi ne sau huɗu da ta kai World Series a tsakanin, a 1946 da 1967 da 1975 da 1986, duk a wasa na bakwai aka kayar da ita. A Japan ma akwai irinsa: a 1985 magoya bayan Hanshin Tigers, cikin murna, suka ɗauko mutum-mutumin Kanar Sanders, dattijon da ya kafa kamfanin soyayyen kaza na KFC, daga ƙofar wani shagon kamfanin suka jefa shi cikin magudanar Dotonbori a Osaka, wai ya yi kama da gwarzonsu Ba'amurke Randy Bass. An tsamo mutum-mutumin a 2009, amma kofin Japan bai dawo hannun ƙungiyar ba sai a 2023.

A ganina kalmomin biyu, fari da la'ana, suna da aibi guda, domin dukansu suna nuna kamar babu hannun kowa a cikin abin. Ruwan sama ba mutum ne yake riƙe shi ba, amma ƙungiya mutane ne suke tafiyar da ita. Lokacin da aka kori bunsurun, farin Cubs ya riga ya shekara 37, don haka ba shi ya jawo shi ba. Red Sox kuma ta gwada Jackie Robinson a 1945 ta ƙi ɗaukarsa, ya tafi Dodgers ya zama baƙar fata na farko a gasar ta zamani a 1947, ita kuwa ba ta sa baƙar fata a fili ba sai a 1959, ta ƙarshe a cikin ƙungiyoyin lokacin. Ƙungiyar da ta rufe wa kanta ƙofar ƙwararrun 'yan wasa har shekara 12 ba ta da bukatar la'anar kowa kafin ta koma baya. Laifi tudu ne, kuma ya fi wa shugabannin ƙungiya sauƙi jama'a su hango bunsuru da su hango ofishin da ake yanke shawarar wanda za a saya da wanda za a sayar.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ita ce mutum ɗaya ne ya jagoranci yanke manyan farin biyu. Theo Epstein shi ne babban manajan Red Sox a 2004, shekarar da ta farfaɗo bayan Yankees ta ci ta wasa uku a jere, ta rama huɗu a jere, sannan ta share Cardinals ta St. Louis ba tare da ta faɗi ko sau ɗaya ba. A ƙarshen 2011 ya koma Cubs, kuma abin da ya yi shi ne abin da masu bin wasan suke kira sake gini: a sallami tsofaffin 'yan wasa masu tsada, a karɓi matasa a madadinsu, a haƙura da shan kashi na 'yan shekaru, tun da a lokacin tsarin gasar yana ba ƙungiyoyin da suka zo baya damar fara zaɓar sababbin 'yan wasa daga makarantu. A 2012 Cubs ta faɗi wasa 101. A 2013 ta zaɓi Kris Bryant, wanda bayan shekara uku aka ba shi kambun gwarzon ɗan wasa na rukuninsu. Wannan dabara ba kullum take haifar da ɗa mai ido ba, domin Pirates ta Pittsburgh ta jera kaka 20, daga 1993 zuwa 2012, wasannin da ta faɗi suna rinjayar waɗanda ta ci, ana ta yi wa magoya baya alkawarin gobe.

Daren 2 ga Nuwamba 2016, a birnin Cleveland, aka buga wasa na bakwai na World Series tsakanin ƙungiyoyi biyu mafi daɗewa cikin fari a lokacin, wato Cubs da Indians ta Cleveland. Cubs, wadda a baya aka yi mata ci uku da ɗaya a jerin wasannin kafin ta ramo, tana gaba da maki 6 da 3 a zango na takwas cikin tara, sai abokan karawarta suka ci maki ɗaya, sannan ɗan wasansu Rajai Davis ya buga ƙwallon da ta haye katanga aka koma 6 da 6. Aka kammala zango na tara a haka. Kafin a shiga ƙarin lokaci sai ruwan sama ya sauko, ma'aikatan fili suka ja ƙaton tamfol suka lulluɓe tsakiyar filin, aka dakatar da wasa na minti 17. A cikin wannan ɗan tsakani Jason Heyward na Cubs ya tara abokan wasansa a ɗakin motsa jiki ya yi musu magana, kuma da aka dawo Ben Zobrist ya buga ƙwallon da ta sake sa su gaba. Cubs ta ci wasan da maki 8 da 7, bayan dare ya raba. Da gangan na tsaya a kan batun ruwan, domin ba kasafai ake ganin kalmar aro ta koma ma'anarta ta asali a gaban idon jama'a ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi bayyana nauyin kalmar a wurin masu ita. A kwanakin nan mutane sun riƙa zuwa bangon jan bulo na filin Wrigley da alli a hannu, suna rubuta sunayen iyayensu da kakanninsu da suka goyi bayan ƙungiyar har suka rasu ba su ga wannan rana ba, har bangon ya cika wasu suka koma hawa tsani don su sami wurin rubutu. Goyon bayan ƙungiyar besbol a Amurka yawanci gado ne na gida da na gari, ba a cika sauya sheƙa ba, shi ya sa mai goyon baya yakan ce "farinmu" yana haɗawa da shekarun da ba a ma haife shi ba. Wasu daga cikinsu, bayan murna ta lafa, sun riƙa cewa ba su san yadda ake goyon bayan ƙungiyar da ba ta da abin jira ba, domin farin ya daɗe da zama wani ɓangare na yadda suke kallon kansu.

Lissafin kuwa bai tsaya ba, wurin zama kawai ya sauya. A daren da na Cubs ya yanke, fari mafi tsawo a gasar ya koma kan ƙungiyar da ta sha kashi a gabanta, ta Cleveland, wadda rabonta da kofi tun 1948, kuma ta kai World Series a 1954 da 1995 da 1997 da 2016 ta dawo ba komai. Bayan kakar 2021 ta sauya suna daga Indians zuwa Guardians, amma masu ƙirga shekaru ba su koma daga farko ba, sun ci gaba daga inda suka tsaya.